Zilch a Farantin Hajja

Kalmar farko da na koya a Alƙahira ba ta Larabci ba ce. Na san wannan abin kunya ne ga yaron da babansa ya bi dangi gida-gida yana sanar da su cewa Anas ya tafi Masar shan Larabci daga bakin rijiya, amma haka abin ya faru. Kalmar ta Turanci ce, Turancin ma na bakin titi, kuma a bakin ɗan Kaduna na tsince ta.

Mu uku ne. Ni Anas, mutumin Azare, shekarata goma sha bakwai, surutuna na mutum arba'in. Sai Jabir ɗan Kaduna, sa'ana, wanda ya yi irin makarantar nan da ake sa yaro tsallen kwaɗo in ya yi Hausa, ya kuma kalli finafinan Amurka har Turancinsa ya koma fita ta hanci. Sai babbanmu Yaya Ilu, mutumin Maraɗi, ɗan abokin cinikin babana. Ya riga mu zuwa da shekara biyu, amma duk a ɗakin kwanan ɗalibai ya yi su, daga littafi sai masallaci. Babana ne ya roƙe shi ya fito ya zauna da mu don kada gari ya haɗiye mu. Ya yarda, kuma ina jin har yau in ya tuna sai ya yi istigfari.

Zango na farko: Arba wa Nus

Gidanmu na farko wani simsar ne ya samo mana, wato dillalin gidaje. Tun kafin mu iso ya turo hotuna: gadaje uku, firji mai ƙofa biyu, labule har ƙasa, da wata kujera mai laushi da in ka zauna a kai sai an zo da igiya an ciro ka. Muka hau bene hawa shida da akwatuna a ka. Ya buɗe ƙofa, ya koma gefe yana murmushi.

Jabir ya leƙa ɗakin farko ya ce, "Zilch." Ya leƙa na biyu ya ce, "Zilch." Ya shiga kicin ya daɗe, har na fara sa rai, sai ya fito ya ce, "Can ma."

Babu gado, babu firji, babu labule. Kujerar ko inuwarta. Abin da ke gidan duka-duka ƙusa ce guda a bango, sai wata tattabara a taga tana kallonmu kamar mun shigo mata ba sallama.

Yaya Ilu ya nuna wa simsar hotunan cikin ladabi, da Larabcin littafi mai cikakken wasali. Mutumin ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce hotunan gaskiya ne, gidan nan ne, sai dai an ɗauke su lokacin da mai kayan yake ciki. Ya nuna ƙusar ya ce ita kyauta ya bar mana. Kafin Yaya Ilu ya gama haɗa jimlar da zai mayar masa, mutumin ya kai hawa na biyu.

Muka zauna a kan akwatunanmu. Na ce wa Jabir, "Wai wace addu'a ce kake yi a bakin kowace ƙofa?"

"Ba addu'a ba ce. Zilch. Babu ke nan."

"To ka ce babu mana."

"Babu ta yi sanyi," in ji shi. "Babu ai mai shago ma yana faɗa maka yana dariya. Zilch ita ce wadda ka zo da rai cike, ka buɗe, ka tarar ko ƙura an share. Ka ji ƙamshin nama, ka sa ludayi har gindin tukunya, ka ɗago. Abin da ke cikin ludayin nan shi ne zilch."

"Mu a Faransanci que dalle muke cewa," in ji Yaya Ilu, kansa a ƙasa. "Misirawa kuma wala haga. Kowace al'umma ta tanadi kalma saboda irin wannan rana."

Nan take kalmar ta shiga raina. Gajera ce, kuma tana ƙarewa kamar an turo ƙofa da ƙafa. Amma Jabir ya kafa mini sharuɗɗa kamar zai ba ni aron babur. Ba a faɗa wa malami. Ba a rubuta ta a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki. A can nothing ake sawa, ita ce mai babbar riga. Tsakanin abokai ake yin ta, kuma ta fi daɗi in an ja numfashi an ajiye ta ita kaɗai a ƙarshe. Ya ce tana da 'yan uwa, zip da nada, kuma in haushi ya yi yawa Amurkawa sukan jero su duka uku, kamar mai rufe shago da kwaɗo uku.

Washegari a cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, wani dattijo ya taka mini ƙafa ya ce, "Ma'alish," wato yi haƙuri. Na dafa ƙirji cikin girmamawa na ce, "Zilch." Jabir ya kusa zamewa daga kujera.

"Ba haka ake yi ba," ya ce bayan mun sauka. "Ba ita ce 'ba komai' ta yafiya ba. Ba a yafe wa mutum da ita. Dubawa ake yi a tarar ba ko ɗaya."

"To ai na duba yatsun ƙafar ne, na tarar ba ko ɗaya da ya rage."

Sati uku muka yi a gidan ƙusa. Wata mata a hawa na biyu, Bahaushiyar Sudan da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, ta ji muna Hausa a matakala, ta tsaya cak da burodi a hannu. Hausarta irin ta kakata ce, sai dai Larabci ya ratsa ta ko'ina. Ta tambaye mu garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya, tana maimaita sunayen a hankali kamar tana tsotson alewa. Da yamma ta hau bene huɗun nan da ƙafarta ta kawo mana barguna biyu da butar shayi. Da don ita ce da mun zauna. Ruwan famfo ne ya rantse ba zai wuce hawa na huɗu ba, kuma ya cika rantsuwarsa.

Zango na biyu: Giza

Wasu ɗalibai 'yan uwanmu suka ce mu zo mu raɓa da su. Ɗaki biyu, mutum goma sha ɗaya. In kana son miƙe ƙafa sai ka nemi izinin mutum uku. Mai gidan kuwa da mutum huɗu ya sani. Wata rana ya zo ba zato, aka tura mu bakwai muka maƙale a baranda kamar shanya, amma ba wanda ya tuna da takalman da ke bakin ƙofa. Ya tsaya a kansu ya daɗe, sannan ya ce ko dai akwai baƙi a gidan, ko kuma kowane ɗaya daga cikin mutum huɗun nan ƙafa biyar da rabi gare shi. Ya ba mu kwana uku.

A Giza ne kewar gida ta kama ni da gaske. Sanyi ya shigo, irin wanda bai damu da rigar sanyi ba. A aji malami yana magana kamar ana bin sa da gudu. In Jabir ya tambaye ni abin da na gane, amsar kun san ta. Duk Juma'a Umma takan kira.

"Anas, kuna samun abinci kuwa?"

"Har zubarwa muke yi, Umma."

Ina faɗa ina riƙe da burodi da ful, waken nan nasu, karo na goma sha tara a satin. Na hango dalar Fir'auna ta tagar mota ban ji komai ba. Amma ranar da na ji wani ƙamshi kamar na daddawa a wani lungu, sai da na bi shi layi uku. Ashe kwata ce ta toshe. Na tsaya a wurin na yi ɗan kuka, na ce wa Jabir hayaƙin mota ne.

Zango na uku: Ard al-Liwa

A nan muka samu gida na gaske. Ɗaki biyu a hawa na uku, da gadaje masu ƙafa huɗu-huɗu, da firjin da yake gurnani kamar babur amma yana sanyi. Mai gidan wata tsohuwa ce, Hajja Ummu Tarik. Mijinta ya rasu, ɗanta yana aiki a wata ƙasa, ita kaɗai take zaune a hawa na huɗu, daidai samanmu. Ta dube mu ta saman tabarau ta ce za ta ba mu wata uku ta ga halinmu. In ta gamsu, ta rubuta mana takardar haya ta shekara guda.

Takardar nan ita ce rayuwarmu. Sai da ita ake sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasar, kuma tawa da ta Jabir sun kusa ƙarewa. Ba takarda, ba iƙama. Ba iƙama, sai jirgin komawa. Ni kuwa na riga na ga fuskar babana a raina, yana sake bin dangin nan gida-gida yana janye sanarwa.

Saboda haka muka zama waliyyai. Ba ƙara, ba baƙi, takalmi shida cif a bakin ƙofa. Yaya Ilu ya kafa doka: in mun haɗu da Hajja a matakala, mu manne da bango, mu sunkuyar da kai, mu yi sallama a hankali, mu wuce. Babbar mace ce, ba a tsayawa ana kallon idonta ana zuba. Na bi dokar har wata rana na goge farin bango da kafaɗa.

A unguwar kowace baranda tana da kwando ɗaure da igiya. Mata sukan zuro shi ƙasa, mai kayan miya ya zuba tumatir, su ja. Wata Alhamis da la'asar muna zaune, sai ga kwandon Hajja ya sauko ya tsaya daidai barandarmu yana lilo. A ciki akwai faranti fari mai furanni shuɗi, an rufe shi da tawul. Muka buɗe: mahshi, wato shinkafa da aka nannaɗe a ganyen kabeji, jere kamar sojoji. Ban san lokacin da na cinye goma sha ɗaya ba. Jabir ya ce shi ya sani, don yana kallo.

Da muka dawo hayyacinmu, muka yi shawara. A gida in maƙwabta suka aiko da abinci, abin da na sani shi ne a ba ɗan aike tukwici, a wanke kwano a mayar.

"To nan wa za a ba tukwici?" in ji Jabir.

"Igiya," na ce.

"Ko mu ɗaga kai mu yi godiya?"

"A'a," in ji Yaya Ilu. "Maza uku su tsaya a baranda suna ɗaga wa mace murya, unguwa tana ji? Ku wanke shi da kyau. Tsabtar ita ce godiyar."

Na wanke farantin nan sau uku, har furannin suka fara neman agaji. Muka sa a kwando, muka ɗan girgiza igiya, ya hau.

Alhamis ta gaba miyar lalo ce da shinkafa, wadda su suke kira mulukiyya. Ta gaba kuma wani kek mai jiƙe da ruwan sukari. Kowane karo faranti yana komawa yana ƙyalli. Muna ta yaba wa kanmu. Yaya Ilu har ya ce ladabi ba ya ɓuya ko a wace ƙasa.

Saura kwana huɗu wata ukun su cika, ina dawowa daga makaranta da azahar, Ammu Sha'aban ya kira ni. Shi ne bawwab, mai gadin gidan, dattijo mai babban rawani da gashin baki kamar tsintsiya. Ya matsa mini wuri a bencinsa.

"Ya Anas, kun fara neman wani gida?"

"Wani gida kuma, Ammu?"

"Hajja ta ce in sa ido, in na ga masu nema a ƙarshen wata in kawo su."

"Me muka yi? Ko tari sai mun shiga bargo muke yi."

Ya shafa gashin baki. "Sau nawa ta aiko muku da faranti?"

"Huɗu. Kuma wallahi kowane karo sai na wanke shi har ina ganin fuskata."

"Me kuka sa a ciki?"

"A ciki?"

Ya dube ni kamar likitan da ya gano ciwo. Ya ce a nan ba a mayar da faranti fayau. Ko dabino uku, ko lemo biyu, ko sukari cikin takarda. Faranti fayau yana nufin mun karɓa, kada a ƙara. Ya ce abin da ya fi ɓata mata rai ma ba wannan ba ne: in ta haɗu da mu a matakala sai mu juya wa bango fuska kamar mun ga mai bin mu da sanda.

"Ladabi ne, Ammu. A garinmu haka ake yi wa manya."

"A nan sunansa girman kai. Ka ji abin da ta ce mini? Ta ce, ni tsohuwa ce ni kaɗai. Ina son mutane a ƙarƙashina waɗanda in na faɗi a banɗaki za su lura ba su ji motsina ba. Waɗannan ko na kwana uku a ƙasa, bango za su gaisar."

Na hau benen nan uku-uku. Na faɗa wa su Yaya Ilu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa gani ba.

"Faranti na huɗun ya riga ya koma?" ya tambaya.

Bai koma ba. Aikina ne in mayar tun shekaranjiya. Yana ƙarƙashin gadona, inda na kai shi don in lashe sauran ba tare da 'yan kallo ba. Karo na farko ke nan a tarihin gidanmu da lalacina ya yi wa wani amfani.

"To sai a cika shi," in ji Yaya Ilu. "Jabir, duba kicin."

Ƙarshen wata ne, kuma ƙarshen wata a gidan ɗalibai kowa ya san kamanninsa. Jabir ya buɗe firji. "Zilch." Ya buɗe kwabar sama. "Zip." Ya buɗe ta ƙasa, ya durƙusa, ya sa kai ciki, muryarsa ta fito daga can kamar daga rijiya. "Nada."

Ba wanda ya yi dariya. Ranar na gane kalmar har ƙashi.

Muka zazzage gidan. Abin da aka samu: rabin leda na fulawa, albasa ɗaya da ta fara tsiro, ƙwai ɗaya, ɗan mai a gindin kwalba. Yaya Ilu ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin kuka da ɗan dunƙulen kanwa da yake ajiye da su tun zuwansa. Suka juyo suna kallona. Na ce me? Suka ci gaba da kallona. Na je na ɗaga katifa na ciro robar yajin da na rantse musu ya ƙare tun muna Giza.

Ba wanda ya iya girki a cikinmu in ban da shayi da taliya. Na ɗauki waya na kira Umma ta bidiyo, ba ranar Juma'a ba. Ta ɗauka da sauri.

"Lafiya?"

Na faɗa mata komai, har da gidan ƙusa da ƙafa biyar da rabi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na zo kan faranti sai ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Anas, tukwici ai na ɗan aike ne. Mai kwano fa? Shekara nawa kana kai wa maƙwabciyarmu Maman Hadiza kwanonta, ba ka taɓa jin yana da nauyi ba? Ka taɓa ganin na mayar ba ko ƙullin daddawa a ciki?"

"Na ɗauka murfin ne mai nauyi."

"Kanka ne mai nauyi. Nuna mini abin da kuke da shi."

Na zagaya da wayar. Ta ce, "Ɗanwake. Ɗora ruwa."

Ta tsaya a kanmu daga Azare kamar kwamandan yaƙi. A jiƙa kanwa a tace. A tankaɗe fulawa. Ba rariya, muka yi da matacin shayi. A zuba kuka, a kwaɓa, kada ya yi ruwa. Da ruwa ya tafasa ta ce in riƙa gutsura ina jefawa. Na farko da na jefa ya kai girman ƙwallo.

"Ɗanwake na ce, ba uban wake ba. Rage hannu."

Tukunya ta yi kumfa ta taso, Jabir ya gudu har baranda, Yaya Ilu yana fifita ta da littafin nahawu. Muka tsame a ruwan sanyi, muka jera a farantin Hajja, aka soya man da albasa aka zuba, aka dafa ƙwan aka yanka shi gida huɗu don ya yi kama da ƙwai biyu. Na barbaɗa yaji ina baƙin ciki.

Na nufi baranda. Umma ta ce, "Ina za ka?"

"Kwando."

"Igiya ce za ta gaishe ta? Ka ɗauka da hannunka ka hau. Ka kalli fuskarta. Kuma ka sa hula."

Matakala goma sha takwas ce tsakaninmu da Hajja, na san haka don kowace ɗaya sai da na yi mata addu'a. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe, ta dube ni, ta dubi farantin.

"Ashe kana da fuska," ta ce.

Na haɗa duk Larabcin da na mallaka, na littafi da na mikrobas, na ce mun yi kuskure, ba mu san al'ada ba, a garinmu sunkuyar da kai girmamawa ne, kuma wannan abincin garinmu ne. Ta ɗaga tawul. Ɗanwaken nan ya yi wani kore-kore mai duhu, yana sheƙi.

"Wannan mene ne, ɗana? Duwatsun Nilu?"

"Ana ci, Hajja."

"Kai ka fara."

Na ci ɗaya. Ta jira ta ga ban faɗi ba, sannan ta ce in shigo, ta bar ƙofa a buɗe. Ta zauna, ta ɗauki cokali mai yatsu, ta soki ɗaya, ta dangwali yajin nan sosai kafin in hana ta. Ta tauna sau biyu. Idonta ya cika da hawaye, ta fara tari, ta cire tabarau, tana dukan tebur da tafin hannu. Na ce a raina shi ke nan, na kashe mai gida. Yanzu ba iƙama kaɗai ba, har kurkuku. Na ruga kicin ɗinta na kawo ruwa. Ta sha, ta share ido, ta mayar da tabarau, ta yi ajiyar zuciya.

Sai ta soki na biyu.

"Wa ya koya maka?"

"Mahaifiyata, yanzun nan, ta waya."

"Kira ta."

Haka na tsaya a tsakiyar falon Hajja riƙe da waya, mata biyu suna kallon juna, ba mai jin yaren wata. Suka yi sallama, suka yi ta alhamdulillahi da masha Allah har aka ƙare kalmomin da suka haɗa. Daga nan aka koma kaina.

Hajja ta ce, "Faɗa mata ɗanta wata uku yana mayar mini da faranti fayau, yana gaida bango."

Na ce, "Umma, ta ce ɗanki yaro ne mai tsabta da kunya."

"Ƙarya kake," in ji Umma. "Na ga hannunta. Ce mata in ka ƙara, ta ja kunnenka, na ba ta."

Na juya wurin Hajja. "Ta ce tana gode miki, kuma ni marayan zuciya ne a riƙa lallaɓa ni."

Umma ta kama kunnenta a cikin wayar, ta murɗa, ta nuna ni, ta nuna Hajja. Hajja ta yi dariya har tabarau ya faɗo cinyarta. Ta miƙo hannu ta kama kunnena na dama, ta gwada shi a hankali kamar mai zaɓen tumatir, ta ce wa wayar, "Tamam," wato ya yi. Aikin tafinta ya ƙare a nan, sun samu yaren da ba sa bukatata.

Da na sauko, Jabir da Yaya Ilu suna tsaye a bakin ƙofa kamar masu jiran sakamakon asibiti.

"Ta ci?" in ji Jabir. "Me ta rage?"

Na ja numfashi yadda ya koya mini, na bar su suka ɗan wahala, sannan na ce, "Zilch."

Ya yi tunani. "Ban taɓa jin an faɗe ta da murna haka ba. Amma ta zauna daidai."

"Takardar fa?" in ji Yaya Ilu.

"Ta ce gobe bayan la'asar mu hau mu uku, da fasfo, da fuskokinmu."

Yaya Ilu ya mayar da hularsa.

Ta rubuta mana shekara guda. Muka kai takardar inda ake buga mata hatimi, muka bi layin iƙama kwana biyu a tsaye, aka manna mana izini a fasfo. Na ɗauki hotonsa na tura wa babana, na san kafin magariba ya kai shi gidan kowane kawu. Sharaɗi ɗaya Hajja ta ƙara, ba a rubuce ba, da baki ta faɗa tana kallon Yaya Ilu har sai da ya ɗago kai: kullum da safe, kafin mu tafi makaranta, ɗayanmu ya hau ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ba sai ya shiga ba. Ya dai ji muryarta.

Ni aka ba aikin, tunda kunnena ne a hannunta. Safiyar farko na hau da jakata a baya, na ƙwanƙwasa sau uku. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na ɗaga hannu zan daki ƙofar da ƙarfi, ina tunanin ko in kira Ammu Sha'aban a ɓalle ta.

Sai muryarta ta fito daga can ciki, a hankali, da alamar tana murmushi.

"Na ji tun na farko. So nake in ga ko za ka ƙara. Ina raye, ya Anas. Tafi makaranta."